Me Ya Sa 'Yarmu Ke Zama Likita Amma Ba Ta Zama Injiniya?

Ka shiga ajin kimiyya a kowace sakandaren 'yan mata a Kano ko Katsina ko Sakkwato, ka tambayi ɗaliban abin da suke son zama. Kafin ka rufe baki za ka ji "likita". Wadda ba ta ce likita ba za ta ce nas, ko ungozoma, ko mai haɗa magunguna. Sai ka zagaye aji guda ba ka ji wadda ta ce injiniya ba, in kuwa an samu ɗaya, sai sauran sun waiwayo sun dube ta. Waɗannan yara fa su ne suka riga suka tsallake siraɗi mafi wuya: sun gama firamare, sun gama ƙaramar sakandare ba a cire su ba, ga su zaune gaban malamin fiziks da na kemistiri. Darussan da za su kai su likitanci kusan su ne za su kai su injiniyanci. To me ya sa ƙofa ɗaya take a buɗe, ɗayar kuma kamar an garƙama mata kwaɗo?

Amsa biyu aka fi ba ni idan na yi wannan tambaya. Wasu su ce ai mace ba ta da kan lissafi. Wasu kuma, musamman masu hango mu daga nesa, su ce addini ne ya hana. Duka biyun ba sa tsayawa idan aka kawo alƙaluma. Rahoton kimiyya da hukumar UNESCO ta fitar a 2021 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya mata kashi 28 ne cikin 100 na masu kammala digirin injiniyanci. A Amurka kimanin kashi 20 ne, a Japan kashi 14. A Aljeriya kuwa sun haura kashi 48, a Tunisiya kashi 44, a Maroko kashi 42. Ƙasashen Musulmi ne waɗannan, kuma da yawan ɗaliban da hijabinsu suke shiga ɗakin gwaje-gwaje. Mace ta farko da ta ci lambar Fields, kambun da ya fi kowanne daraja a wurin masana lissafi, ita ce Maryam Mirzakhani 'yar Iran, a 2014, kuma a makarantar 'yan mata zalla ta yi sakandare a Tehran. Saboda haka sai mu nemi dalilin a wani wuri, a cikin yadda muka tsara tarbiyya da makaranta da aiki.

Mu fara tuna cewa likitancin ma ba haka kawai ya zama abin alfaharin iyaye ba. A da, gidaje da yawa ba sa yarda 'yarsu ta yi aikin asibiti. Nas ma wani irin kallo ake yi mata, saboda kwanan aiki da cuɗanya da maza. Abin da ya juya ra'ayin mutane hujja ce guda mai sauƙi wadda ta shiga kowane zaure: in ba ka bar 'yarka ta karanta ba, namiji ne zai karɓi haihuwar matarka. Malamai suka ɗauke ta a wa'azi da gidajen rediyo, suka ce farilla ce ta kifaya, wato wajibin da idan ba a samu masu ɗauke shi ba kowa ya shiga laifi. Magidanci kuma ya ga gaskiyar maganar da idonsa ranar da ya raka iyalinsa awon ciki.

Bayan hujja sai aka bi da aiki. Shirin W4H na horar da mata ma'aikatan lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, bai tsaya kan wayar da kai ba. An lura yarinyar ƙauye tana gama sakandare ba ta da kiredit a darussan kimiyya, sai aka buɗe mata ajin share fage inda za ta gyara sakamakonta, ta kuma shirya wa jarrabawar shiga makarantar jinya ko ta ungozoma. An lura da yawansu matan aure ne masu goyo, sai aka samar da ɗakunan reno. Aka zauna da iyaye da mazaje da masu unguwanni, gari ya zaɓi 'yarsa bisa alkawarin za ta dawo ta yi masa aiki. Injiniyanci bai taɓa samun irin wannan gata ba. Ba a kafa masa hujja a zaure ba, ba a kuma gina masa matakala a makaranta ba.

Rabuwar hanya tana farawa tun kafin yaro ya san mene ne fiziks. Ɗan shekara bakwai yana yawo yana tsintar gwangwani da tsohon silifa da waya, ya ƙera mota, ya sa mata taya, ta karkace ya gyara. Ya farke matacciyar rediyo ya ciro maganaɗisu. Idan ya ɗan tasa a kai shi garejin kanikawa, ko wurin mai walda, ko shagon gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ƙanwarsa kuwa da ta ɗauki sukudireba sai a ce, "Ajiye kar ki ɓata, bari yayanki ya dawo." Ƙwan fitila ya mutu a ɗakin uwa, 'yan mata huɗu na zaune, sai a aika a kira ɗan maƙwabta ya canza. Ba da mugunta ake yi ba. Sai dai idan aka shekara goma ana haka, ranar da malam ya zana inji a allo yaron zai ga abin da ya taɓa riƙewa, ita kuwa layuka kawai za ta gani.

An gwada wannan an gani. A jami'ar fasaha ta Michigan da ke Amurka, wata farfesar injiniyanci, Sheryl Sorby, ta lura tun farkon shekarun 1990 cewa sababbin ɗalibai mata sun fi faɗuwa a gwajin juya siffa a cikin kai, wato a nuna maka abu ta gefe guda ka hango yadda zai kasance idan an juya shi. Ita kanta ta sha wuya a darasin zanen injiniyanci tana ɗaliba, duk da ƙwazonta a lissafi. Sai ta tsara gajeren kwas na zane da jujjuya ƙananan tubala a hannu. Makin ɗaliban ya tashi cikin 'yan makonni, kuma matan da suka yi kwas ɗin sun fi waɗanda ba su yi ba jurewa a sashen. Abin da ake zaton baiwa ce ta maza, ashe yawancinsa horo ne da suka samu a wurin wasa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne 'yar Bahaushe ba ta zuwa aji hannu rabbana. Ta san idan wake ya ƙi nuna ana jefa masa kanwa. Ta san ana zuba ɗan tsohon nono a cikin dafaffiyar madara a rufe ta kwana ta zama kindirmo. Ta ga yadda ake dafa kalwa a rufe ta kwanaki ta koma daddawa, ta ga yadda ake yayyafa ruwan zafi a tunkuza mai ya fito. Wadda ta yi talla tana lissafin canji a ka fiye da ɗan ajinta mai kalkuleta. Duk waɗannan kemistiri ne da bayoloji da lissafi, amma ba wanda ya taɓa gaya mata. Malamin da ke kukan ba shi da sinadarin gwada asid da alkali, ga zoɓo nan: a matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, a zuba masa ruwan kanwa ya rine ya yi duhu. Da naira kaɗan aji guda zai ga darasin da idonsa. A maimakon haka sai a rubuta mata ma'ana a allo cikin Turancin da ba ta gama ji ba, ta haddace, ta manta. Tun a shekarun 1970 gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife ya nuna yaran da aka koyar da su firamare cikin Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba, sun ma fi su a darussa da dama. Yarinya da yawa da ake cewa kimiyya ta gagare ta, Turanci ne ya fara kayar da ita.

Sai mashiga ta biyu, wadda nake ganin ita ce ta fi cin yara ba tare da an ji ƙara ba: ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa kimiyya ko adabi ko kasuwanci. Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 ake yanke wa hukuncin da zai bi ta har tsufa, kuma sau da yawa ba ƙoƙarinta ake dubawa ba, abin da makarantar ke da shi ake dubawa. Inda babu malamin fiziks babu ajin kimiyya, komai ƙwazon yaran. Inda akwai, sai ka tarar ɗan bautar ƙasa ne, ya shekara ya tafi, a zauna jiran wani. Zurfafan lissafi da zanen fasaha, darussa biyu da ke sauƙaƙa wa ɗalibi shekarar farko a tsangayar injiniyanci, da wuya ka same su a jadawalin makarantar mata. Ɗakin gwaje-gwaje kuma, a wurare da yawa, a kulle yake sai hukumar jarrabawa ta aiko da jerin kayan firaktikal, sannan a share ƙura, malam ya yi gwajin sau ɗaya a gaba, yara sittin ko tamanin suna leƙe ta kafaɗar juna. Wadda ba ta taɓa haɗa waya da batir ta ga ƙwai ya kama da hannunta ba, ta ina sha'awar lantarki za ta shige ta?

Kano ta taɓa gane wannan matsala, ta kuma yi mata magani mai kyau. A 1977 gwamnatin jihar ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka tara ƙwararrun malamai da kayan aiki wuri guda, ana zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa daga kowane lungu. Na maza ne duka biyun. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma Jigawa bayan an ƙirƙiro jihar a 1991, daga baya kuma aka samu irin ta Garko. Duk wanda ya san asibitoci da jami'o'in wannan yanki ya san abin da makarantun nan suka haifar. Hikimar tsarin ita ce, tun da ba za a iya kai malamin fiziks kowane ƙauye ba, to a kawo 'yar ƙauye inda malamin yake. Jihohi da dama suka bi sahu. Ta haka ilimin kimiyya na 'ya'ya mata a Arewa ya ginu a kan makarantar kwana, yawanci a wajen gari.

Nan ne kuma rashin tsaro ya sare shi. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a watan Afrilun 2014 sun taru ne don rubuta jarrabawar ƙarshe, ciki har da ta fiziks. Makarantar Dapchi ta jihar Yobe, inda aka sace 110 a watan Fabrairun 2018, kwalejin kimiyya da fasaha ce ta 'yan mata. Ta Jangebe a Zamfara, inda aka tafi da 279 a watan Fabrairun 2021, ita ma ta kimiyya ce. Bayan kowane hari jihohi kan rufe makarantun kwana, wasu na makonni, wasu na watanni. Idan aka buɗe, namiji yakan koma. Mace kuwa sau da yawa kafin a buɗe an sa mata rana. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta kwana a bakin daji ba, ni ban ga laifinsa ba, kuma bai kamata a haɗa shi da masu ƙin boko ba. Abin da yake buƙata shi ne makarantar kimiyya ta je-ka-ka-dawo a kusa da shi, mai katanga da banɗaki da ruwa, ko ɗakin gwaje-gwaje guda mai kyau a hedikwatar ƙaramar hukuma wanda makarantu biyar ko shida za su riƙa zuwa bi da bi da motar gwamnati. Har yanzu muna riƙe da tsarin 1981 a ƙasar da ta canza.

A ce yarinya ta tsallake duk wannan. Saura fom ɗin JAMB, kuma a nan akwai wani ɗan bambanci da iyaye da yawa ba su sani ba. Darussa huɗu ake rubutawa. Mai neman likitanci tana ɗaukar Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai neman injiniyanci tana ɗaukar Turanci da fiziks da kemistiri da lissafi. Darasi ɗaya ne ya raba su, amma wadda ta zaɓi bayoloji ta rufe wa kanta ƙofar injiniyanci ta wannan shekarar. Gurbin likitanci kuwa kaɗan ne ƙwarai a kan masu nemansa. Sai ka ga yarinya mai maki mai kyau ta rasa, ta sake rubutawa baɗi, ta sake rasawa, a ƙarshe a tura ta kwas ɗin da ba ta taɓa so ba ko ta haƙura gaba ɗaya, alhali makin nan nata da lissafi ta haɗa da wataƙila ta samu gurbi a injiniyancin ruwa da muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello, ko na kwamfuta ko na noma a Jami'ar Bayero, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Sau da yawa ma ba ita ke cike fom ɗin ba. Yayanta ne, ko mai shagon rajista. Idan ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, ni injiniya nake so," amsar da za ta ji sananniya ce: "Haba uwata, ina ke ina hawa gini da ƙartai? Ki yi likita, ko ba komai kya taimaki 'yan uwanki mata."

Baban nan ba ƙin 'yarsa yake ba. Hoton da ke kansa shi ne na mutum da hular kwano a kan gada cikin rana, ko bakanike baƙi ƙirin da baƙin mai. Ba wanda ya nuna masa injiniyar da ke zaune gaban kwamfuta tana zana hanyar bututun ruwan gari, ko mai kula da na'urorin asibiti, ko mai tsara manhaja, ko mai lissafin ƙarfin ƙarfen da zai riƙe bene. Ba kuma tsawon karatu ne ke tsorata shi ba, don injiniyanci shekara biyar ne, likitanci shida, ga shekarar sanin makamar aiki a asibiti da kwanan dare a kai. Inda damuwarsa take da tushe shi ne watanni shida na koyon aiki a masana'anta da ake yi a shekara ta huɗu. Ɗalibi ne yawanci ke nemo wa kansa wuri, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Kakuri da yawa sun rufe, kuma ba kowane uba ne zai bar budurwa ta tafi Legas ko Fatakwal ita kaɗai ba. Jami'a ce ya kamata ta ɗauki wannan nauyi, ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin ruwa da kamfanonin raba wutar lantarki da ma'aikatun ayyuka na jihohi, ta ware wa ɗalibai mata gurbi kusa da gida.

Batun aure kuma ba ya buƙatar kwana-kwana. Yawancin 'yan matanmu za su yi aure kafin ko a tsakiyar karatun jami'a, kuma duk tsarin da ya ginu a kan cewa sai an zaɓi ɗaya tsakanin biyun, karatun ne zai faɗi. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar fiziks ɗin sararin samaniya, ta yi aure tana da shekara 18 bayan ta gama sakandare. Sai da ta kai 29 ta shiga jami'a, tana da 'ya'ya, tana gudanar da makarantar renon yara don ta samu abin biyan kuɗin karatu. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta gidauniyar Elsevier da ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Ana yawan ba da labarinta a matsayin misalin jajircewa, kuma haka ne. Ni dai abin da nake gani a ciki shi ne shekara 11 da ta yi a waje, da kuma sauran mata masu irin kanta da ba su samu hanyar dawowa ba. Ɗakin reno a tsangaya, damar jingine zango saboda haihuwa ba tare da an kori ɗaliba ba, ajin share fage ga wadda ta daɗe da barin makaranta: an yi waɗannan a makarantun ungozoma, babu abin da zai hana a yi su a kwalejin fasaha ta Kaduna ko ta Kano.

Ganin na gaba ma yana da tasiri, kuma a nan ƙungiyoyin sana'ar sun makara. An kafa ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya a 1958, amma sai a watan Janairun 2024 ta samu shugaba mace ta farko, Injiniya Margaret Oguntala. Ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, wadda Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafawa a farkon shekarun 1980, tana ƙoƙarin zagaya makarantu. Kowace 11 ga Fabrairu kuma ana bikin ranar mata da 'yan mata a kimiyya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2015. Sai dai taron otal a babban birni ba ya isa ga 'yar aji uku a Gwarzo ko Ɗanja. Wadda za ta motsa ta ita ce mace mai jin yarenta, mai shiga irin ta yayarta, wadda za ta tsaya a gaban aji ta ce ni ma daga irin wannan benci na tashi, ga aikina, ga albashina, ga mijina da 'ya'yana. Kuma a gayyato iyaye maza su ji, domin su ne masu sa hannu.

To wace hujja za a kai zaure? A ganina irin ta likitanci ce, ba a dai faɗe ta ba ne. Gidaje nawa ne a garuruwanmu aka rubuta wa "ba shiga" a ƙofa? Sola ta shigo kowace unguwa, amma idan inbata ta lalace da safe sai matar gida ta zauna cikin zafi har maigida ya dawo, don mai gyaran namiji ne. Haka firji, haka injin markaɗe, haka wayar wuta da ta fara ƙauri. Mata nawa ne ke ajiye da matacciyar waya a durowa saboda tsoron miƙa ta ga saurayin da zai ga hotunansu? Mace mai gyaran waya ko mai haɗa sola tana da kasuwar da babu namijin da zai iya shiga. Idan aka hau sama kuma, wa ya fi sanin inda ya dace a kafa famfo fiye da mai ɗebo ruwan? Wa ya fi sanin aibin murhu fiye da wadda hayaƙinsa ke shiga idonta kullum? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. An sha raba murhunan zamani a ƙauyuka a dawo a tarar an jingine su, saboda wanda ya ƙera bai taɓa tuƙa tuwon mutum ashirin ba, bai san tukunyar sai ta zauna daram ba.

Ko lafiyar matan da muke kafa hujja da ita, rabinta aikin ƙira ne. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a nan. Babban binciken da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya dogara ne a kan wata leda mai aljihu da layukan awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa. Maimakon ungozoma ta ƙiyasta jinin da ido, sai ta karanta shi a kan layi, ta kuma ba da magunguna gaba ɗaya nan take. Munanan sakamako suka ragu da kashi 60 cikin 100. Wani ne ya zauna ya tsara ledar nan, ya zaɓi kaurinta, ya auna layukanta. Haka Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani game da sanyin ruwan randa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya koma yana kai kwana 27, ya kuma samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ilimin randar a hannun mata yake tun kaka da kakanni. Wanda aka koya wa dalilin da ya sa ruwa ke ɗauke zafi idan yana bushewa, shi ne ya mayar da shi ƙirƙira.

Kuɗi ma ba a ce babu ba. Shirin AGILE na karatun 'yan mata ya fara da dala miliyan 500 daga Bankin Duniya a 2020 a jihohi bakwai, ciki har da Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, aka ƙara dala miliyan 700 a 2023, ya kai jihohi 18. Bashi ne, waɗannan yaran ne za su biya shi idan sun girma, don haka suna da haƙƙin a tambaya a madadinsu: cikin azuzuwan da aka gina, nawa ne ɗakunan gwaje-gwaje masu ruwa da wuta, kuma malaman lissafi da fiziks nawa aka ɗauka aka tura makarantun mata?

Akwai kuma wata mashiga sabuwa da ake kan ginawa yanzu. Sabuwar manhajar karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta rage darussan sana'a zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, gyaran kwamfuta da waya, ɗinki, kwalliya, kiwo, da noman lambu. Kowane ɗalibi zai ɗauki ɗaya, amma daga cikin waɗanda makarantarsa ta tanada. Wanda ya san yadda muke yi ya san inda abin zai nufa idan aka yi shiru: keken ɗinki da kayan lalle su tafi makarantar mata, faifan sola da na'urar awon wuta su tafi ta maza, ba don wani ya hana ba, sai don haka aka saba kuma keken ɗinki ya fi sauƙin samu. Ɗinki sana'a ce mai albarka, amma yarinya tana iya koyon sa a gidan maƙwabta, haɗa sola kuwa in ba a makaranta ba babu inda za a bar ta ta koya. Shugabar makaranta da hukumar ilimi ta jiha ne ke yanke wannan shawara, yawanci kafin a shiga sabon zango, kuma taron iyaye da malamai wuri ne da uba ko uwa za su iya miƙewa su tambaya wace sana'a aka zaɓar wa 'ya'yansu, kuma wa zai koyar da ita.